Filin Tambaya da Amsa: Lemon Gwangwani Mai Sukari da Wanda Ake Kira Dayit

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ina rubuto maka ne daga unguwar Misfala a Makka. Maigidana direba ne, yana jigilar masu Umra tsakanin Makka da Madina, shekarunsa sun haura hamsin. Watanni huɗu da suka wuce aka auna shi a asibiti aka ce ciwon sukari ya kama shi, aka ɗora shi a kan magani. Kafin nan ba ya cin abinci sai da bibsi, wato lemon Pepsi, mai sanyi a gefensa, gwangwani uku a rana shi ne mafi ƙaranci. Da ƙyar na shawo kansa ya koma shan marar sukarin da ake kira dayit. To sai ga shi yayarsa ta turo masa saƙon murya ta WhatsApp cewa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar dayit yana kawo ciwon daji, gara ma ya koma mai sukarin tunda shi an san asalinsa. Yanzu gardama ta ƙi ƙarewa a gidan, ga yara suna kallonmu. Don Allah wanne ne ya fi illa? Daga wata uwar gida, Makka.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba maigida lafiya, ya saka miki da alheri a kan wannan kulawa. Zan fara da abin da kika fi buƙatar ji: kada ya koma wa mai sukarin. Ga mutumin da aka tabbatar yana da ciwon sukari, barin dayit a koma lemo mai sukari saboda tsoron ciwon daji gudun gara ne a faɗa gidan zago, domin cutarwar sukarin tabbatacciya ce kuma tana aukuwa a jikinsa duk ranar da ya sha, alhali maganar ciwon dajin zato ne da masu bincike da kansu suka ce hujjarsa ba ta da ƙarfi. Amma ba na so ki kai masa hukunci kawai, na fi so ki kai masa dalili, shi da Yaya baki ɗaya.

Mu fara da lissafi. Gwangwani ɗaya mai cin mililita 330 na irin wannan baƙin lemo yana ɗauke da sukari kimanin giram 35. Cokalin shayi ɗaya yana ɗaukar kimanin giram 4, ke nan a kowane gwangwani akwai kusan cokali tara. Ki ɗauko kofi, ki zuba cokali tara na sukari a gabansa, ki tambaye shi ko zai yarda a haɗa masa shayi da wannan. Ba zai yarda ba, domin zaƙin zai gundure shi. Abin da ya sa yake iya shanye shi a lemo shi ne sanyi, da gas, da ɗan tsamin asid da ake sa wa, su ne suke rufe wa harshe yawan zaƙin. Gwangwani uku a rana giram 105 ke nan. A wata ɗaya ya haura kilo uku. A shekara ya kai kusan kilo 38. Wannan daga lemo kaɗai, ba a lissafa na shayi ba, ba a lissafa na alawa da kek ba. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a rana, wato kimanin giram 50 ga babban mutum, ta kuma ce in an sauko zuwa giram 25 ya fi alheri. Gwangwani ɗaya tak ya wuce wannan mizani na biyu, uku kuwa sun ninka na farko sau biyu da ɗoriya. Kuma wannan mizani na masu lafiya ne.

Abin da ya sa sukarin da ake sha ya fi wanda ake taunawa ɓarna yana da muhimmanci a fahimce shi. Idan mutum ya ci dabino ko lemon zaƙi, sai ya tauna, akwai dusa a ciki da ke rage saurin shigar sukari cikin jini, kuma ciki yana jin an saka masa wani abu. Lemon gwangwani ba ya tsayawa. Cikin ɗan lokaci ya wuce tumbi ya isa hanji, sukarin ya kwarara cikin jini gaba ɗaya. Jikin mai lafiya yana fitar da sinadarin insulin da yawa don ya kwashe shi ya kai cikin tsoka da hanta. Jikin maigidanki kuwa, ko dai insulin ɗin ya yi ƙaranci, ko kuma tsokar ta daina jin maganarsa, don haka sukarin yakan daɗe yana yawo a cikin jini, yana cin ƙananan jijiyoyin ido, da na ƙoda, da na ƙafa a hankali ba tare da mutum ya ji zafi ba. Ga direba, ido da ƙafa su ne jarinsa. Sannan kuma abin sha ba ya ƙosarwa: wanda ya sha gwangwani mai kalori kusan 140 ba ya rage ko loma ɗaya daga farantin shinkafarsa ta kabsa, lemon ƙari ne a kan abincin.

Akwai wani ɓangare da ba a cika faɗa wa mutane ba. Sukarin da muke sani gida biyu ne a haɗe, gulukos da furuktos. Gulukos kowace gaɓa tana iya amfani da shi, amma furuktos hanta ce take ɗaukar mafi yawan nauyinsa, kuma idan ya zo mata da yawa a lokaci guda takan mayar da wani sashe nasa kitse ta ajiye a jikinta. Yawan shan zaƙi yana daga cikin abin da ke sa ake samun mutumin da bai taɓa kusantar giya ba amma hoto ya nuna kitse ya lulluɓe masa hanta. Wannan furuktos ɗin yana kuma ƙara wani asid a jini da ke taruwa a gaɓoɓi, musamman babban yatsan ƙafa, ciwon da Larabawa ke kira niƙris. Masu bincike na Jami'ar Harvard a Amurka sun haɗa sakamakon nazarce-nazarce da dama a shekarar 2010, suka gano cewa masu shan lemo mai sukari sau ɗaya zuwa biyu a rana sun fi masu shansa jefi-jefi haɗarin kamuwa da ciwon sukari da kimanin kashi 26 cikin 100. A nan Saudiyya, alƙaluman Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Duniya na shekarar 2021 sun nuna manya fiye da miliyan 4 suna ɗauke da ciwon. Ba banza ba gwamnati ta ɗora harajin kashi 50 cikin 100 a kan lemon gas a watan Yunin 2017, sannan ta faɗaɗa shi zuwa sauran abubuwan sha masu zaƙi a watan Disambar 2019. Duk wanda yake saye a baƙala, wato kantin unguwa, a wancan lokaci ya tuna yadda farashin gwangwani ya tashi.

Yanzu mu zo kan saƙon Yaya. Ba ƙirƙirar maganar ta yi ba, akwai tushe, sai dai labarin ya iso gare ta rabi. Mafi yawan lemon dayit ana zaƙaƙa shi ne da wani sinadari mai suna aspatam, wanda aka gano a Amurka a shekarar 1965, kuma ya fi sukari zaƙi kusan sau 200, shi ya sa ɗan ƙanƙani yake isa. A watan Yulin 2023 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda take birnin Liyon a Faransa, ta sanya aspatam a rukunin da take kira 2B, ma'anarsa abin da mai yiwuwa ne ya iya haddasa ciwon daji amma hujjar da ake da ita taƙaitacciya ce. Rukunan wannan cibiya suna auna ƙarfin hujja ne, ba girman haɗari ba. A rukuni na ɗaya, inda hujja ta tabbata, akwai taba da giya da naman da aka sarrafa a masana'anta. A rukunin 2A, wanda yake sama da na aspatam, akwai jan nama, wato na saniya da rago da akuya, akwai kuma shan abu mai tsananin zafi da ya wuce digiri 65. Ke nan tsiren da muke alfahari da shi, wanda mutanen Hijaz suka karɓa daga hannun kakanninmu suke kiransa siriya, da shayin da ake kurɓa yana ƙona harshe, suna mataki ɗaya sama da aspatam a wannan jeri. Ban faɗi haka don a daina cin nama ba, na faɗa ne don a gane abin da jerin yake nufi.

A rana ɗaya da waccan sanarwa, wani kwamitin ƙwararru na haɗin gwiwa tsakanin Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma, wanda aikinsa shi ne ƙayyade yawan abin da mutum zai iya ci ba tare da cutuwa ba, ya sake duba hujjojin ya bar iyakar a inda take tun da: miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Ga mai nauyin kilo 70, hukumar da kanta ta yi lissafin cewa sai ya sha fiye da gwangwani 9 zuwa 14 kowace rana kafin ya ƙetare wannan iyaka. Wannan rabin na biyu shi ne bai shiga saƙon murya ba. Ina roƙonki, idan za ki yi wa Yaya bayani, ki yi cikin girmamawa, domin tsoron rasa ƙaninta ne ya sa ta turo, kuma wadda ta damu haka ita ce za ta fi taimaka miki idan ta fahimta. In da hali, ki bari maigidan ne zai karanta mata wannan shafi da bakinsa.

To shin dayit ya zama lafiyayyen abin sha ke nan? A'a, kuma a nan nake so ki saurare ni da kyau, domin ba na so wannan amsa ta zama lasisin shan katan guda a mako. Abin da aka tabbatar shi ne bai ɗauke da sukari, kuma aspatam ba ya ɗaga sukarin jini bayan an sha, maigida zai iya gwadawa da na'urar awonsa ya gani da idonsa. An kuma yi gwaji a ƙasar Holan da yara 641 na tsawon wata 18, aka wallafa a 2012: rabinsu ana ba su gwangwani mai sukari kullum, rabi marar sukari, ba tare da sun san wanne suke sha ba, a ƙarshe masu shan marar sukarin sun ƙara nauyi ƙasa da 'yan'uwansu da kimanin kilo ɗaya. Wannan yana nuna cewa cire sukarin yana da amfani na gaske. Amma a watan Mayun 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a dogara da waɗannan sinadarai masu zaƙi a matsayin hanyar rage ƙiba, domin a nazarin da aka bi mutane shekaru da yawa ba a ga sun rage kitsen jiki na dindindin ba, har ma an ga masu yawan shansu suna da ɗan ƙarin ciwon sukari da ciwon zuciya. Hukumar ta ce shawarar tata mai sharaɗi ce, saboda sau da yawa wanda ya riga ya yi ƙiba ko aka gargaɗe shi a asibiti shi ne yake komawa dayit, sai a ga kamar lemon ne ya jawo ciwon alhali ciwon ne ya kai shi ga lemon. Ta kuma faɗa a fili cewa shawarar ba ta shafi waɗanda suka riga suka kamu da ciwon sukari ba, irin maigidanki.

Ni abin da ya fi damuna da dayit ba sinadarin ba ne, abu biyu ne da nake gani a wurin marasa lafiya. Na farko, yana riƙe harshe a kan sabon da ya jawo matsalar tun asali, mutum ya ci gaba da jin cewa abinci bai cika ba sai da zaƙi mai ƙarfi a gefe, ruwa ya zama kamar horo. Na biyu, yana sa zuciya ta yi wa kanta rangwame: tunda na sha dayit, bari in ƙara shinkafa, bari in ƙara burodin tamis, bari in ɗauki kek ɗin basbusa ɗaya. Farar shinkafa da farin burodi suna komawa sukari a cikin jini kamar yadda lemo yake yi. Kuma ki duba shayinsa, domin direbobin doguwar hanya sukan sha kofi biyar ko shida a rana, kowanne da cokali biyu ko uku. Wani lokaci sukarin shayi ya fi na lemon da ake ta faɗa a kansa. Shawarata ita ce ya ɗauki dayit a matsayin gadar da zai bi ya ƙetare. Ya tsaya a gwangwani ɗaya a rana tare da abinci, bayan makonni ya koma kwana biyu ko uku a mako, sauran lokutan ruwa mai sanyi, ko laban, wato nono, marar zaƙi, ko ruwan gas da aka matse lemon tsami a ciki ga wanda ƙaiƙayin gas ɗin yake nema, ko zoɓo da aka dafa ba a sa sukari ba. Harshe yana sake koyo; waɗanda suka daure wata guda sukan dawo su ce lemon da suka saba ya yi musu zaƙi fiye da kima.

Akwai magana ɗaya da ba zan rufe amsarki ban faɗa ba, saboda sana'arsa. Akwai lokaci guda da lemo mai sukari yake zama magani, dayit kuma ya zama haɗari: lokacin da sukarin jini ya faɗi. Ki duba magungunansa ko ki tambayi likitansa. Idan metformin kaɗai yake sha, faɗuwar sukari ba kasafai take aukuwa ba. Amma idan yana allurar insulin ko yana shan irin su gliclazide ko glibenclamide, tana iya aukuwa, musamman in ya sha magani bai ci abinci ba ya kama hanya. Alamominta su ne rawar jiki, gumi mai sanyi, bugun zuciya, yunwa mai tsanani, jiri, ko ganin dishi-dishi, kuma na'urar awon sukari takan nuna ƙasa da 70. Mutumin da yake tuƙa mota cike da bayin Allah a hanya mai kusan kilomita 450 dole ne ya san wannan. Da zarar ya ji alamar, ya gangara gefen titi ya kashe mota, ya sha rabin gwangwani na mai sukari, wato sukari kimanin giram 17, ko ya ci dabino uku, ya jira minti 15 ya sake aunawa, in bai hau ba ya maimaita, kuma kada ya tayar da mota sai ya dawo hayyacinsa sarai ya ci wani abu mai riƙe ciki. Dayit a wannan hali ba zai yi masa komai ba, domin babu sukarin da jikinsa yake nema a cikinsa. Saboda haka ki ajiye masa gwangwani ɗaya na mai sukari a aljihun mota, ki ɗaura masa alama, ku yi alkawari cewa na ranar larura ne. Su kuma yaran da kika ce suna kallo, su ne suka fi cancantar a fara da su, domin wanda mahaifinsa yake da wannan ciwo haɗarinsa ya fi na sauran mutane. Kada lemo ya zama abin da ke zaune a firji kullum, mai sukari ne ko dayit.

TAMBAYA: Likita, ni saurayi ne, ina aikin gadi na dare a Jidda. Shekara biyu ke nan ba na shan lemo mai sukari, sai marar sukarin da ake kira zero, amma haƙorana suna tsami idan na sha ruwan sanyi, kuma likitan haƙori ya ce suna zaizayewa. Ta yaya haka za ta faru babu sukari? Kuma nakan sha lemon ƙara kuzari don kada barci ya ɗauke ni.

AMSA: Ƙanena, sannu da aiki. Likitanka ya faɗa maka gaskiya. Haƙori yana lalacewa ta hanya biyu. Ta farko ita ce kogo, inda ƙwayoyin cuta na baki suke cin sukari su fitar da asid ya huda haƙori. Daga wannan ka tsira da barin sukari. Ta biyu ita ce zaizaya, inda asid ɗin da ke cikin abin shan kansa yake narkar da farin rufin haƙori kai tsaye, kuma a nan zero da mai sukari kusan tafiyarsu ɗaya. Ana auna tsami da wani ma'auni da idan lambarsa ta yi ƙasa tsamin ya fi ƙarfi: ruwa yana wajen 7, rufin haƙori yana fara narkewa a ƙasa da 5.5, baƙin lemo kuwa yana tsakanin 2.5 da 3 da ɗan wani abu. Rufin da ya zaizaye ba ya sake tsirowa, shi ya sa sanyi yake isa ga jijiya kake jin tsamin.

Yadda kake sha ya fi yawan da kake sha ɓarna. Mai gadi yakan buɗe gwangwani ya ajiye a gefe yana kurɓa kaɗan-kaɗan har awa biyu, kowace kurɓa tana sabunta asid ɗin kafin yawu ya wanke na baya, ga shi kuma da dare yawu yana raguwa. In za ka sha, ka sha tare da abinci a zama ɗaya, ka kuskure baki da ruwa, kada ka goge haƙori da buroshi ko aswaki nan take, ka jira kamar rabin awa zuwa awa ɗaya domin rufin yana da laushi a lokacin, kuma ka riƙa amfani da man goge baki mai fuloraid.

Lemon ƙara kuzari shi ya fi tayar min da hankali a wasiƙarka. Ƙaramin gwangwani mai mililita 250 na irin Red Bull yana da kafeyin miligiram 80, yayin da gwangwanin kola yake da tsakanin 30 da 45, kuma cire sukari ba ya cire kafeyin. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Turai ta ce babban mutum mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a rana, mai juna biyu kuma 200. Ka haɗa da gahawa da shayin da kake sha, za ka ga kana kusantar iyakar ba ka sani ba. Idan kana jin faɗuwar gaba, ko rawar hannu, ko ka kwanta da safe barci ya ƙi zuwa, to ka wuce gona da iri. Ka sha abin da za ka sha a farkon dare, ka tsayar da kafeyin kamar awa shida kafin lokacin kwanciyarka, domin barcin rana mai kyau a ɗaki mai duhu shi ne abin da zai riƙe ka a bakin aiki. Gwamnati ta ɗora wa irin wannan lemo harajin kashi 100 cikin 100 a 2017, daidai da na taba.

TAMBAYA: Likita, mu a gidanmu a Madina ba ma sayen bibsi ko kaɗan. Asir na kwali, wato ruwan 'ya'yan itace, muke ba jikoki, da azumi kuma Vimto da subiya (abin sha mai zaƙi na Hijaz) da zoɓo. Ina fata mun kuɓuta? Daga wata kaka.

AMSA: Hajiya Kaka, Allah ya raya jikoki, ya ƙara miki lafiya. Kun yi ƙoƙari, amma da sauran aiki, kuma ina faɗa miki ne domin na san niyyarki ta alheri ce. Jiki ba ya tambayar daga wane mazubi sukari ya fito. Ko ruwan lemon zaƙi da aka matse a gida ba a ƙara masa komai ba, kofi ɗaya mai mililita 250 yana da sukari kimanin giram 20, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana lissafa sukarin ruwan 'ya'yan itace da na zuma cikin wanda ta ce a rage. Na kwali kuwa sai an karanta jikinsa, domin da yawa daga cikinsu ruwa ne da sukari da ɗan ɗanɗanon 'ya'yan itace. Ki sa ɗaya daga cikin manyan jikokin ya duba teburin da ke bayan kwalin, inda aka rubuta sukkariyyat, ya ga giram nawa ne a kowace mililita 100. In ya kai 10 ko kusa da haka, to da shi da lemon gas ɗin da kika hana shiga gidanki zaƙinsu ɗaya. Yaro ya ci lemon zaƙin ko tuffar da haƙorinsa ya fi masa, kuma wanda bai kai shekara biyu ba a nisantar da shi daga duk abin da aka ƙara wa sukari. Kada kuma a musanya musu da dayit, yara ba su da buƙatarsa. Akwai ma wata cuta ta gado da ba kasafai ake samunta ba, wadda mai ita ba ya iya sarrafa sinadarin fenilalanin da ke cikin aspatam, shi ya sa ake rubuta gargaɗi a jikin gwangwanin.

Na azumi kuma, ba zan ce a kau da Vimto da subiya daga shimfiɗar buɗa baki ba, na san matsayinsu a gidajen Hijaz, kuma dokar da ta yi tsauri a gida ba ta kai sallah. Amma ki lura da abin da ke faruwa: ciki ya wuni babu komai, ƙishirwa ta kai maƙura, sai a fara da manyan kofuna biyu na zaƙi. Sukari ya yi sama da sauri, mutum ya ji nauyi da kasala a tarawihi, ƙishirwar kuma ta dawo. Sunnar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ita ce buɗa baki da dabino, in babu da ruwa. A fara da wannan, a kashe ƙishirwa da ruwa, a yi sallar magariba, sannan a kawo ƙaramin kofi ɗaya na abin zaƙin tare da abinci. Vimto a tsinka shi fiye da yadda aka saba. Zoɓo da ruwan tsamiya da na kuka, waɗanda 'yan'uwanmu na Sudan suke kira karkade da aradeb da tabaldi, su ne suka fi sauƙin gyara tunda a hannunki ake haɗa su: ki rage kashi ɗaya cikin huɗu na sukarin a makon farko ba tare da kin sanar ba, ki ƙara citta da kanumfari ko na'ana'a don ɗanɗano ya cika, a mako na biyu ki sake ragewa. In akwai mai ciwon sukari a gidan, a ɗebar masa nasa kafin a zuba sukari, kuma ya ga likitansa tun cikin Sha'aban don a daidaita masa lokutan magani kafin azumi ya kama.